Ciwon da ba ya sallama, da yaranmu na lakwal

  

Maganar da zan yi yau ta cikin gidanmu ce. Na kai shekara biyu ina juya ta a raina. In fara rubutawa, kunya ta kama ni, in goge. Abin da ya sa na daure yau shi ne, satin da ya wuce na je ta'aziyya wani ƙauye kusa da mu, saurayi ne ya rasu, ko shekara talatin bai cika ba. Da na tambayi abin da ya same shi sai aka ce mini cikinsa ne ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, ana jin hannu aka sa mishi. Na yi shiru, na yi addu'a, na taso. A hanya na ce wa kaina, in na ci gaba da yin shiru to ni ma ina da nawa alhaki.

Haka babban wanmu ya tafi. Shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. Da damina yana gona, in an ɗaure dammuna ya kama hanyar cin rani, wata shekara Najeriya, wata shekara Libiya. Mutum ne mai ƙarfi, ban taɓa ganin ya kwana biyu a kwance ba. Wata shekara ya dawo da wuri, ya rame, abinci ba ya shiga, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Tsofaffi suka duba idonsa suka ce shawara ce. Aka haɗa jiƙo, ya sha na wata guda. Daga nan ƙafa ta fara hawa, ciki ya biyo baya. Sai magana ta canza, aka ce sammu ne, wai wani abokin tafiyarsa ne ya yi mishi hassada. Tumaki biyu muka saida a kan neman karya sammu. Ni da na yi boko, nake koyarwa a lakwal, da ni aka yi wannan yawo. Ba zan ɗora wa kowa ba.

Da abin ya ƙi, muka ɗora shi a amalanke zuwa likita. Majo ya taɓa cikin, ya dube ni, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Damagaram kada mu kwana. Can aka ɗibi jini, aka yi hoton ciki. Likitan ya ja ni gefe ya ce: “Malam, hantar ɗan uwanka ta gama lalacewa, har ciwon daji ya fito a kanta. Epatit B ce.” Na ce yaushe ya same ta, ko a can wajen cin rani ne? Ya girgiza kai ya ce: “Wannan ba ciwon bana ba ne. Mai yiwuwa tun yana goye take jikinsa.” Wannan magana ita ce ta hana ni barci. Mutum ya yi kusan shekara arba'in yana noma, yana aure, yana haihuwa, alhali abin da zai kashe shi na zaune a cikinsa ba ko ciwon kai.

Yaya bai ga kakar wannan shekara ba. Ya bar mata da yara biyar.

Kafin mu baro Damagaram likitan ya ce mini a auna jinin duk ƴan gidan. Na ce to, amma ban yi ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na gaya wa kaina babu kuɗi, ga hidimar marayu. Bayan kamar shekara ɗaya matata ta zo haihuwa, ta zubda jini, aka ce a nemo masu bayarwa. Na miƙa hannu. Da sakamako ya fito sai ma'aikacin ya kira ni shi kaɗai ya ce jinina ba zai yi ba. Na ce ai rukuninmu ɗaya. Ya ce: “Ba maganar rukuni ba ce, kana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta.” Allah ya taimaka aka samu wani ya bayar, ta tashi lahiya. Ni kuwa na zauna a ƙofar likita, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Wannan karon ban gudu ba. Sannu a hankali, da ɗan abin da ake samu, na kai mutanen gida aka auna. Inna tana da ita. Cikin mu ƴaƴanta da muka rage, ni da ƙanwata guda muna da ita. Matata ba ta da ita, nan take aka fara mata allurar rigakafi. Ƴaƴana manya biyu ba su da ita, kuma da na buɗe karnensu na awo sai na ga an cika musu allura uku da ake yi wa jarirai a cinya. Cikin marayun Yaya, uku karnensu ya cika, jininsu lahiya lau. Biyu kuwa an haife su lokacin da uwarsu ke zaune can wajen danginta a daji, nesa da likita. Ɗaya allura guda aka yi mishi, ɗaya ko karne ba ta da shi. Namijin an same shi da ƙwayar. Macen Allah ya tsare ta, sai muka yi mata rigakafi tana ƴar aji huɗu.

Ku dubi wannan lissafi na gida ɗaya. Yara ne da ke ci a ƙwarya ɗaya, suna kwana a tabarma ɗaya, aska ɗaya ke bi ta kansu. Waɗanda aka cika wa allura sun tsira. Cikin biyun da ba a cika wa ba, ɗaya ya kamu. Ni dai ba sai wani ya yi mini wa'azin rigakafi ba, na gani da idona.

Bari in faɗi abin da na koya game da ciwon, don da yawa cikinmu sunansa kawai muke ji. Ƙwayar cuta ce da ke zama a hanta, tana yawo a jini da ruwan jiki. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo tare, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko gaisawa, ko tari, ko cizon sauro. Shayar da nono ma ba a hana ba. Hanyoyinta su ne: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, daga yaro zuwa yaro ta ƙurji da rauni da jini, ta aska da reza da allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ta ƙarin jinin da ba a auna ba, da kuma ta saduwa. Ƙwayar na iya yin kwana bakwai a kan aska ko reza ba ta mutu ba, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar shekaru. In babba ya kamu, galibi jikinsa na yaƙar ta ya kore ta, waɗanda take zaunar wa ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa in ya kamu, kusan 9 cikin 10 ƙwayar na zama a jikinsu har abada. Yaro ƙarami ɗan ƙasa da shekara biyar ko shida yana tsakani. Wato ciwon da ke kada magidanta ƴan shekara talatin da arba'in, tun a zanen goyo da filin wasa ake shuka shi. Shi ya sa nake cewa ba ya sallama.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da epatit B a duniya a shekarar 2022, kuma ta kashe kimanin miliyan 1 da dubu 100 a wannan shekara kaɗai. Cikinsu kusan miliyan 65 a Afirka suke. Rahoton ya ce 63 cikin 100 na sababbin kamuwa a yankin Afirka ake samunsu, amma jarirai 18 cikin 100 kawai ke samun allurar ranar haihuwa a yankin. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai da na je ba da jini.

Rigakafin kuwa ba sabon abu ba ne. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar a jini a shekarun 1960, aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka mayar ranar ciwon hanta ta duniya. An fara amfani da allurar tun farkon shekarun 1980. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, bayan shekaru aka ga ciwon dajin hanta ya ragu a tsakanin yaransu. A nan Afirka ta Yamma, Gambiya ta fara tun 1986. Mu a Nijar, a 2008 aka sa ta cikin allurar jarirai da ake kira Penta, wadda ke haɗe da rigakafin cututtuka biyar, ana yi a sati 6, sati 10 da sati 14, kuma kyauta ce. Wanda aka cika wa uku, sama da 95 cikin 100 suna samun kariya, kariya mai daɗewa shekaru da shekaru.

To ga inda gizo ke saƙa. Na farko, duk wanda aka haifa kafin 2008 bai samu wannan allura a awo ba, sai in shi ya nema da kansa. Na biyu, ko bayan 2008, ba kowane yaro ne aka cika wa uku ba. Mu nan mun san dalili. Ƙauye na da nisa da likita. Ranar da ma'aikata suka fito da moto, uwa tana rijiya ko tana gona. Makiyaya sun yi arewa da dabbobi da damina. Wata ta bi miji cin rani da jariri a baya. Wata an yi wa ɗanta ta farko ya kwana yana zazzaɓi da kuka, kakarsa ta ce ba za a sake ba. Karne ya jiƙe, ko gara ta ci, ko ya ɓace wajen ƙaura. Yaron ya wuce shekarun awo, shi ke nan, ba wanda zai sake tambaya. Waɗannan yara su ne yau ke zaune a aji, daga CI har CM2, wasu a CEG.

Da muka tashi yi wa ƴar Yaya rigakafi na ga wahalar abin. Yaron da ya girma ba a yi mishi Penta, akwai ta epatit B ita kaɗai, kuma sau uku ake yi: yau, bayan wata ɗaya, sannan bayan wata shida daga ta farko. Sau uku na ɗauke ta zuwa birni. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin allura, abinci, ga aji da na bari. Ni mai ɗan albashi ke nan sai da na ci bashi. Manomin da ke lissafin tiyar hatsi kafin damina, ta yaya zai yi wa yara huɗu ko biyar haka? Ba zai yi ba, kuma ba don ba ya son ƴaƴansa ba.

Shi ya sa nake tambaya: me zai hana allurar ta zo ta iske yara a lakwal?

Ba wani baƙon abu nake kawowa ba. A lakwal-lakwal na ƙasar nan an saba raba maganin tsargiya da na tsutsar ciki, mu malamai muke tsaida yara a jikin sandar awon tsawo muna ba su ƙwaya. A 2010 da 2011 an yi babbar allurar sanƙarau ga ƴan shekara 1 zuwa 29, kuma kowa ya ga yadda irin wancan sanƙarau da ke share garuruwa da bazara ya ja baya. Duk damina rele na bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara. Ga kaz ɗin lahiya da aka giggina a ƙauyuka tun zamanin shugaba Tandja Mamadu. Mutanen aikin suna nan, hanyar ma an san ta.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. Italiya a 1991 ta wajabta allurar ga jarirai da kuma yara ƴan shekara 12 a lokaci ɗaya. Bayan shekara goma sha biyu, jariran farko suka kai shekara 12, sai aka daina ta manyan don ramin ya cike. Sin ma ta bi yaranta ƴan ƙasa da shekara 15 da aka tsallake, ta yi musu tsakanin 2009 da 2011. Wato aiki ne na cike gurbi, yana da farko yana da ƙarshe.

Ga yadda nake ganin zai yiwu a wajenmu, a matsayina na wanda ya riƙe alli, ba likita ba. Ana komawa lakwal a Oktoba, amma kowa ya san aji ba ya cika sai an gama girbi. To a Nuwamba dirakta ya ce kowane yaro ya zo da karnensa na awo. Rele na garin ya zauna da mushe su duba ɗaya bayan ɗaya, su ware waɗanda aka cika wa uku, da waɗanda aka yi wa ɗaya ko biyu, da waɗanda ba su da komai. Rele ba ya yin allura, wannan aikin ma'aikacin lahiya ne. Amma rele ne ya san gidan kowa. Shi ya san cewa wance kakarta ke riƙonta, wane ubansa na Aljeriya sai an nemi kawunsa. Shi zai bi gida-gida ya yi bayani, ya nemi yardar iyaye, don kada a taɓa ɗan kowa ba da saninsa ba. Daga nan majo ya sa rana, a zo da allura cikin akwatin sanyi. Ta farko a Nuwamba, ta biyu a Disamba, ta uku a Mayu kafin a tashi hutu. Shekarar karatu ɗaya ta isa.

Akwai abubuwan da sai an kula. Allurar nan tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma in ta daskare ta lalace, don haka ba a manna ta a jikin ƙanƙara. Zafin Mayu na Damargu kuwa kun san shi, sai an fito da sassafe. Sannan yaron da ya sha ta farko ya ɓace, ba a sake farawa daga tushe, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Nan ma aikin rele ne, ya riƙe kaye da sunaye, ya san wa ya tafi, wa ya dawo. Kuma don Allah in za a ɗora wa rele wannan kaya a riƙa ba su haƙƙinsu a kan lokaci. Mutum ba zai bar gonarsa ya yini yana yawo da ƙafa a rairayi ba, sannan a ce mishi sai wata mai zuwa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce: “Mushe, ciwo na kashe mu ba a ba mu magani kyauta, sai allurar da ba mu roƙa ba?” Ban raina tambayarsa ba. Mutanenmu ba su manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin da aka gwada wani magani a kan yara masu sanƙarau, magana ta kai kotu. Ba su manta da 2003 ba, da aka dakatar da allurar shan inna a Kano har zuwa 2004. Amma mu tuna abin da ya biyo bayan dakatarwar: shan inna ta bazu, ta tsallaka iyaka, ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Ko Faransa ta taɓa irin wannan. Ta fara allurar epatit B a makarantu a 1994, jita-jita ta tashi cewa tana jawo wani ciwon jijiya, aka dakatar da ta makarantu a 1998. Binciken da aka yi ta yi daga baya bai tabbatar da zargin ba, amma tsoron ya daɗe a zukatan iyaye. Darasin shi ne, kada a zo wa mutane da allura kafin a zo musu da bayani. A fara da mai gari, da liman, da malaman allo, da kwamitin iyayen yara, da ungozoma. A yi magana da Hausa, da Tamajak, da Fulatanci, a gidan rediyo da bakin kasuwa. Abin da na ce wa dattijon nan shi ne: “Baba, wannan allura ita ce dai wadda aka yi wa jikokinka a cinya suna jarirai. Waɗanda aka tsallake ne muke so a cike musu.” Ya yi shiru, sannan ya ce a zo a duba karnen gidansa.

Ba zan ɓoye muku ba, allurar lakwal ba za ta gama da matsalar ba. Yaron da ya riga ya kamu, kamar ɗan Yaya, allura ba ta warkar da shi, ba ta kuma cutar da shi. Yawancin kamuwa na faruwa kafin yaro ya isa shiga aji. Don haka babbar kariya tana wajen haihuwa: a auna mai ciki tun tana zuwa awo, a haihu a likita, a yi wa jariri allurar epatit B cikin awa 24 na farko kamar yadda OMS ta ba da shawara, sannan a cika mishi Penta uku. Mai ciki da aka samu ƙwayar ta yi yawa a jininta, akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe don kare jaririn. Duk mai matar da ke da ciki ya tambayi wannan a CSI tun kafin ranar ta zo. Sannan yara nawa ne a ƙauyukanmu ba sa zuwa lakwal sam? Ƴan mata da aka cire, yaran makiyaya, almajirai. In an tsaya a lakwal kaɗai an bar su a baya. Ranar da aka zo lakwal, a bi ta makarantar allo, a bi ta bakin rijiya inda ake shayar da dabbobi.

Sai maganar aska. Wanzamai iyayenmu ne, su ke mana askin suna, da kaciya, da ƙaho, da cire beli. Ba na zo in ci mutuncin sana'ar kowa ba. Na zauna da wanzamin gidanmu, wanda ya yi mini kaciya ni da Yaya da wasu yara a safiya ɗaya, da aska ɗaya. Na ce: “Baba, a lokacin ba wanda ya sani, amma yanzu mun sani.” Ya ce shi yana goge askarsa da tsumma da toka. Na ce ba ya isa. Muka yi yarjejeniya, duk mai kawo yaro ya zo da sabuwar reza, a buɗe ta a gabansa, in an gama a binne. Reza kuɗinta nawa ne? Haka masu yankan farce a kasuwa, da masu huda kunne, da masu yin allura a gida ba su da takarda. Cire beli kuwa, likitoci sun daɗe suna cewa a bar shi, ba ya maganin komai, sai jawo zubar jini da cuta.

Ga ƴan uwana masu ɗauke da ƙwayar, kada ku yanke ƙauna. Ni ga ni ina aikina. Ina zuwa a duba jinina da hantata lokaci-lokaci. Ba kowa ne ke buƙatar magani ba, likita ne ke dubawa ya faɗa. Wanda ya buƙata, akwai ƙwaya irin su tenofovir, guda ɗaya a rana, ba ta fitar da cutar gaba ɗaya amma tana danne ta, ta kare hanta. Na bar shan jiƙon da ban san abin da ke ciki ba. Na bar shan ƙwayoyin tebur barkatai. Gyaɗa ko masara ko hatsin da ya yi fumfuna ba ya shiga bakina, don gubar da ke cikinsa in ta haɗu da wannan ciwo tana saurin kai hanta ga ciwon daji. Giya kuwa dama ba a maganarta. Kuma ba a fasa aure don wannan: a auna, in ɗaya na da ita a yi wa ɗayan allura. Ni da matata muna zaune lahiya.

Abu ɗaya ya fi yi mini nauyi, shi ne gaya wa Inna. Da ta gane cewa mai yiwuwa daga jikinta muka samu, kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce: “Ashe ni na kashe ɗana.” Na durƙusa na ce: “Inna, ba ke ba ce. Ke ma haka kika same ta ba ki sani ba, kuma lokacin da kika haife mu babu wannan allura a ƙasar nan.” Gaskiya na gaya mata. Su ba su da yadda za su yi. Mu kuwa allura na nan, an san ta, an san amfaninta. In jikokinmu suka tambaye mu ba mu da irin amsar Inna.

Don haka roƙona ga hukumomin garin Falanko, ga hukumomin lahiya na Tanut da Belbeji, ga masu kula da makarantu, da ƙungiyoyin da ke aiki a yankinmu: ku zauna ku duba wannan magana. Ko ba a samu allurar gaba ɗaya a bana ba, duba karne a lakwal ba ya cin ko dala. A fara da shi, a san yawan yaran da aka tsallake, a samu abin da za a kai gaban manya. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2016 cewa za su kawar da barazanar ciwon hanta kafin 2030. Saura ƙiris, kuma alkawarin bai iso ƙauyenmu ba tukuna.

Ku kuma iyaye, yau da dare a buɗe akwati a fito da karnen yara. A nemi inda aka rubuta Penta 1, Penta 2, Penta 3. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa mushe ko rele ya duba mishi. Ƴan cin rani, ku bugo waya gida ku tambaya, in za ku aiko da kuɗin sallah ku ware na awon jini.

Ɗan Yaya yanzu yana CM2. Rannan ya tambaye ni ko shi ma cikinsa zai kumbura kamar na babansa. Na ce mishi in Allah ya yarda a'a, don shi an gano da wuri kuma muna bibiya. Na faɗa da ƙarfin murya, amma da ya fita sai da na share hawaye.

Allah ya jiƙan Yaya da duk waɗanda suka riga mu. Allah ya ba marasa lahiya sauƙi, ya raya mana zuri'a. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Wassalamu alaikum.